Tsara Rubutu da Tace Shi Kafin a Miƙa wa Malami

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da muka koyi Hausa a aji ba a gida ba, sau da yawa makin da muke rasawa a insha'i ba don rashin abin faɗa ba ne. Rashin tsari ne da rashin sake dubawa.

Ni dai kafin in fara rubutu nakan taƙaita abin da nake son faɗa a jimla guda, da Hausa. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to ban shirya ba tukuna. Daga nan sai in jera batutuwa uku ko huɗu, kowanne da nasa sakin layi. Wanda ya tsara tunaninsa da Turanci ko Yarabanci sannan ya juya shi, jimlarsa ce za ta tona masa asiri.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tacewa. Nakan ajiye daftarin ya kwana, sannan in karanta shi sau uku, kowane karo da abin da nake farauta.

Karon farko na baƙaƙe masu ƙugiya ne: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma 'y. Kada a raina su. Kafa daban, ƙafa daban. Fada gidan sarki ce, faɗa kuwa rigima. Wanda ya rubuta "na bata kuɗi" ya bar mai karatu cikin duhu: ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata su?

Wannan misalin ya kai mu ga raba kalmomi da haɗe su. Ana haɗe yana, suke, yakan da zai, amma ana raba ya zo, za su da ba ta. Gajeriyar mallaka tana manne da suna, kamar littafinsa. Doguwa kuwa ita kaɗai take tsayawa, wato nasa. Haka "a kan tebur" wuri ne, "akan yi" kuma sabo ne.

Karo na uku shi ne na jinsi, kuma nan ne ƙaiƙayinmu yake, tunda Yarabanci da Ibo ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna. An ce mana sunan da ya ƙare da "a" yawanci mace ne. Gaskiya ne, amma gida da ruwa da nama duk maza ne, sunayen garuruwa kuma mata: Legas ta cika, Kano ce babba. Nakan bi kowane suna in ga ko dirkarsa da mahaɗinsa sun dace da shi: rigar Audu ce, gidan Audu ne. Inda na yi shakka sai in buɗe Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Kwamfuta ba abin dogaro ba ce a nan, domin kafa da ƙafa duka kalmomi ne a wurinta. Shi ya sa karatun ƙarshe nakan yi shi da babbar murya, a gaban abokin aji idan na samu.