Darasi: Wasan Kwaikwayo na "Wa Ya Yi Kisan?"

Bayan girbi, ƙungiyoyi da yawa sukan nemi wasan da za su yi a dandali. Darasinmu na wannan wata a kan wani irin wasa ne da ake so ƙwarai a Ingila da Amurka. An yi kisa, ana neman mai laifi, 'yan kallo kuwa suna ta dariya.

Inda aka san shi

A 1941 aka fara nuna Arsenic and Old Lace na Joseph Kesselring a birnin New York. Labarin waɗansu tsofaffin mata biyu ne masu fara'a, suna ba tsofaffin maza marasa dangi guba, wai taimakonsu suke yi. A 1952 kuma aka buɗe The Mousetrap na Agatha Christie a London. 'Yan wasa takwas ne, ɗaki ɗaya, ƙanƙara ta tare hanya. Ba wasan da ya kai shi daɗewa ana nunawa. A ƙarshe akan roƙi 'yan kallo kada su gaya wa kowa wanda ya yi kisan.

Duwatsun murhu uku

1. Wuri a rufe. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da rafi. A ce rafi ya cika da dare, mutum shida sun maƙale a gidan ma'ajin wata ƙungiya. Da safe sai ga ma'aji a mace. Mai laifi yana cikinsu ke nan.

2. Kowa da abin da yake ɓoyewa. Dillali yana bin ma'aji bashi. Sakatare ya yage shafi a littafin kuɗi. Suruki ya saci kaza. Duka suna ƙarya, amma ɗaya ne kaɗai ya yi kisa. Daga nan dariya take fitowa, domin ɓarawon kaza ya fi mai kisan rawar jiki.

3. Alama ta gaskiya. Wannan shi ne babba. Kada mu cuci 'yan kallo. A ce an tsinci gawar a bayan danga, inda ƙarangiya take. Dillali ya rantse bai fita ba duk dare, amma tun farkon wasa yana ta cire ƙarangiya a wandonsa. A nuna haka sau uku, cikin raha. Mai bincike, wani tsohon ɗan sanda mai cika baki, ba ya gani. Tsohuwa mai ƙosai ce za ta lura. Sa'an nan kowa zai ce, "Ashe! Ai mun gani."

Abin kiyayewa

A yi wa masu rai dariya, ban da gawa. Kada a ari sunan wani na gari, ko tafiyarsa, ko ƙabilarsa. Idan an yi rasuwa kwanan nan, a ɗaga wasan. Wuƙa ta itace ce, kuma ba a kawo kwalbar maganin ƙwari ko da wofi ce.

Kada kuma a warware wasan da duba ko mafarki. Mun san yadda akan yi idan mutum ya mutu farat ɗaya. Kafin a binne shi an riga an nuna wata tsohuwa da yatsa, an ce mayya ce, ba shaida ko ɗaya. Zato zunubi ne. Wanda ya zauna awa guda yana zargin suruki, daga baya ya ga kaza kawai ya sata, zai koma gida da abin tunani.

Tambayoyi don taro

1. Wace alama ce za mu sa a namu wasan?
2. A wane lokaci za mu tsai da wasa, mu tambayi jama'a wanda suke zargi da dalilinsu?
3. Wa zai saurari gwaji, ya tabbata ba a taɓa mutuncin kowa ba?