Yadda Ake Kallon Tsuntsaye a Bakin Dam da Bazara

Da yawa za su ce bazara ba lokacin zaman bakin ruwa ba ne, tunda daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi kan doshi digiri 40. A ganina babu lokacin da ya fi shi. Kududdufai da ƙoramu sun ƙafe, ruwa ya rage sai a dam, irin na Mairuwa da na Malumfashi, don haka tsuntsayen da suka bazu cikin daji da damina dole su taru wuri guda. Maganin zafin kuwa sammako ne: a fita bayan sallar Asuba, a tashi kafin hantsi ya dubi ludayi, domin da rana ta take su ma inuwa suke nema.

A sa tufafi masu duhu, a riƙe gorar ruwa da ɗan littafi da biro. Madubin hangen nesa yana taimakawa, amma rashinsa ba ya hana farawa. In an isa, a fara gaisawa da masu lambu da masunta, a sanar da mai unguwa, kuma kada mutum ya je shi kaɗai, saboda halin tsaro. Sai a nemi gindin bishiya, a juya wa gabas baya don hasken ya sauka kan tsuntsun, a zauna shiru kamar minti 15 har su saki jiki. Daga nan a bi gaɓa da ido, inda ruwa ya janye ya bar taɓo. Can za a ga zalɓe tsaye cik yana dakon kifi, balbela tana bin shanun da aka kawo shayarwa, garken kirinjijiya suna fito, zakaran ƙeƙuwa yana tona asirin duk mai matsowa. Wanda ba a san sunansa ba, a rubuta girmansa, ko ya kai kurciya ko kaza, da siffar bakinsa, da launin ƙafarsa, da kwanan wata. Wasu ƙanana masu dogon baki baƙi ne daga Turai, wajen Afrilu suke sake ƙetare Sahara. Kada a shiga ruwan, domin tsargiya.

Akwai mai cewa wannan aikin Turawa ne ko na marasa abin yi. Ai manomin Katsina ya daɗe yana yi: ganin shamuwa yake fara gyaran gona, ganin garken janbaki yake fargabar dawarsa. Abin da muka rasa rubutawa ne, kuma da rubutu ake gane shekarar da wani tsuntsu ya daina zuwa, alamar ruwan ko maganin feshi ya sauya masa wuri. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana tattara irin waɗannan bayanai daga faɗin Najeriya. Malaman makarantun Funtuwa da Malumfashi, ku kai ɗalibanku bakin dam kafin ruwan farko ya sauka.