"Ai Siyasar Ofis Ce": Abin da Ake Binnewa da Wannan Magana

A sashen kula da ma'aikata nake aiki, kuma babu maganar da ta fi yawan shiga kunnena kamar "ai siyasar ofis ce". An tsallake mutum a ƙarin girma, siyasar ofis ce. An tura shi reshen da ba kowa ke son zuwa ba, siyasar ofis ce. Fayil ɗinsa ya yi ɓatan dabo a daidai lokacin tantancewa, nan ma haka. Da an faɗe ta sai kowa ya kaɗa kai, a ce "sai haƙuri", magana ta mutu.

Ba na musun akwai ta. Duk inda mutane suka taru a kan kujera ɗaya, dole a yi gogayya: wane ne ɗan gaban goshin oga, wa za a aika taron bita Abuja, wa ke da ubangida a hedikwata. Akwai 'yan kai rahoto, akwai masu murmushi da safe su yi yankan baya da yamma. Wannan ba dokar da ke maganinsa, sai iya zama da mutane da kame baki.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka mayar da maganar bargon rufe ɓarna. Kaso mai yawa na abin da ake kawo mini da wannan suna, karya ƙa'ida ne tsagwaronsa, kuma yana da hanyar gyara. Oga ya riƙe fom ɗin kimanta aikinka na shekara ya ƙi cikewa har lokaci ya wuce, wannan sakaci ne da aikin da aka ɗora masa. A hukunta ka ba a ba ka takardar tuhuma ba, ba a ji ta bakinka ba, wannan ya saɓa wa ƙa'idojin aikin gwamnati, ya kuma saɓa wa haƙƙin sauraro da tsarin mulkin 1999 ya tanada a sashe na 36. A danne ka saboda ƙabila ko addini ko jinsi, sashe na 42 ne aka taka.

Mata sun fi kowa cutuwa a nan. Ma'aikaciya ta ƙi amincewa da buƙatar banza ta shugabanta, bayan 'yan makonni sai tuhuma ta fara sauka a teburinta kan makara da "rashin ladabi". Abokan aiki sun san tushen abin sarai, amma sai su ce ta shiga siyasar ofis. Ita kuma kunya da tsoron surutu a gida su sa ta yi shiru.

Hanyoyin gyara suna nan. Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Sai dai dokarta ta gindaya sharuɗɗa biyu da mutane ba su cika sani ba: ka fara bin hanyoyin ƙorafi na cikin gida, sannan kada ka bari wata goma sha biyu su wuce da faruwar abin. Shi ya sa "bari mu ga abin da Allah zai yi" na shekara biyu ke rufe wa mutum ƙofa. Haƙuri halin kirki ne, amma bai hana rubuta takarda ba. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta, ya ba ta hurumi kan rigingimun aiki, har da wariya da cin zarafin mata a wurin aiki. Tana da reshe a Kano.

Amma duk waɗannan wurare takarda suke karantawa, ba labarin baki ba. Idan an ba ka umurni mai shakku, nemi a rubuta. Idan takardar tuhuma ta zo, amsa cikin wa'adin da ke jikinta, da ladabi, a kan abin da aka tambaya kawai; fushin da ka zuba a ciki zai zauna a fayil ɗinka bayan ogan ya yi ritaya. Ajiye kwafin duk abin da ka miƙa, da hatimin karɓa da kwanan wata. Ka sanar da wakilin ƙungiyar ƙwadago tun da wuri.

Su ma shugabanni ina da magana da su. Ranka ya daɗe, idan ma'aikata biyu suka kawo ƙara ka ce "siyasarsu ce, su ƙarata", ka riga ka yanke hukunci, kuma wanda ya fi ubangida ne ya ci. Kira su, buɗe fayil, a rubuta abin da aka tattauna, kowa ya sa hannu.