Wanda Ya Ke Fara Tashi A Cikin Na'ura

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata irin kwamfuta da a ke kira saba, watau wadda ba ta barci, ita ke riƙe da lissafin banki da sakamakon jarrabawa. Yawancinsu da tsarin Linux su ke aiki. Sa'ad da aka kunna ta, akwai shiri guda wanda ya ke fara tashi, lambarsa 1, sunansa init. Shi ne sarkin gida. Shi ke ta da sauran ma'aikata, ya ce wannan ya buɗe hanyar sadarwa, wancan ya buɗe rumbun ajiya. In ya mutu, gidan duka ya tsaya.

Tsohon sarkin gida ya fito ne daga Unix System V na kamfanin AT&T, na 1983. Ma'aikata su kan tashi ɗaya bayan ɗaya bisa lamba, kamar yara a layi. Umarninsa a rubuce ya ke a fili, mai ilmi ya karanta ya gyara. Aibinsa jinkiri, sa'an nan in ma'aikaci ya faɗi da rana tsaka, ba mai ɗaga shi.

A 2010 Lennart Poettering na kamfanin Red Hat da Kay Sievers suka fito da systemd. Shi ya kan ta da ma'aikata da yawa gaba ɗaya, ya sa musu ido, in an umarce shi ya ta da wanda ya faɗi. Amma fa bai tsaya nan ba, har littafin rahoto ya karɓe, ya ke rubuta shi yadda ba a karantawa sai da nasa kayan aiki. Nan gardama ta tashi. Waɗansu suka ce al'adar Unix ita ce kowa ya yi aiki guda ya ƙware, taura biyu ba ta taunuwa. Da Debian ta zaɓi systemd a 2014, sai waɗansu suka ɓalle suka kafa Devuan.

To, ni ga nawa ra'ayi. Mu nan Suleja, ko da ya ke madatsar Shiroro a jiharmu ta ke, wuta takan ɗauke ba sallama. Saba ta makaranta kuwa ba ta da mai gadi da dare. Saboda haka na fi son sarkin gidan da zai ta da kowa da kansa, ya kuma kula da su har gari ya waye. Sai dai littafin nan, lalle a sa rsyslog ya riƙa ajiye kwafinsa da rubutu na fili, domin ɗaukewar wuta na iya ɓata shafin da a ke cikin rubutawa.