Darasin Juma'a: Azuminmu da Azumin Maƙwabtanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Mu da muke zaune nan Kudu, a kasuwa ɗaya muke da Kiristoci, rumfa na jingine da rumfa. Sau da yawa za ka miƙa wa maƙwabcinka tsire ko kilishi ranar Juma'a, ya ce maka ya gode, yana azumi. Wasu daga cikinmu sai su yi dariya, su ce wai wane irin azumi ne mutum yana shan ruwa? To, darasin yau a kan wannan yake.

Aya ta 183 cikin Suratul Baƙara, wadda ta wajabta mana azumi, ita ce kuma ta sanar da mu cewa an wajabta shi ga al'ummomin da suka gabace mu, ta kuma ambaci manufarsa, wato taƙawa. An farlanta azumin Ramadan a shekara ta 2 bayan Hijira. Kafin nan, da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina, ya tarar Yahudawa suna azumtar ranar Ashura don godiya ga Allah da Ya tserar da Annabi Musa (AS) daga Fir'auna. Bai yi musu ba'a ba. Ya nuna cewa mu ne muka fi cancantar Annabi Musa, ya azumci ranar, ya umarci sahabbai su azumta.

Har yau Yahudawa suna da babban azuminsu na Yom Kifur, ranar neman gafara. Kimanin awa 25 suke yi ba ci ba sha, daga faɗuwar rana zuwa daren kashegari, kuma al'adarsu ce mutum ya nemi yafiyar waɗanda ya zalunta kafin ranar ta zo.

Kiristoci kuwa suna da azumin kwana 40 kafin bikin Ista, suna tunawa da kwanakin da littafinsu ya ce Annabi Isa (AS) ya yi yana azumi a daji. 'Yan Katolika suna farawa ranar Larabar Toka, suna rage abinci a wannan rana da Juma'ar da ke gab da Ista, suna kuma barin nama kowace Juma'a cikin wa'adin. Wannan shi ne dalilin maƙwabcinka na ƙin karɓar kilishi. A 2025 ma azumin nasu da namu sun haɗu: mun fara ranar 1 ga Maris, su suka fara ranar 5. A Habasha, ƙasar da ta ba sahabbai mafaka a hijirar farko, Kiristocin Otodoks suna yin kwana 55 kafin Ista ba nama, ba madara, ba ƙwai, ga kuma Laraba da Juma'a a yawancin makonnin shekara.

Can gabas, mabiya addinin Hindu a Indiya suna da Ekadashi, rana ta 11 a kowane rabin wata, sau biyu ke nan a wata, da yawansu suna barin hatsi da wake. Limaman addinin Budda a ƙasashe irin su Tailan da Siri Lanka ba sa cin abinci daga tsakar rana har wayewar gari, don cikin da ya cika ba ya barin zuciya ta natsu.

Kada wani ya fahimci cewa duk ɗaya ne. Namu yana nan yadda Annabi (SAW) ya koyar: niyya, kamewa daga ci da sha da kusantar iyali tun fitowar alfijir har faɗuwar rana, domin Allah Shi kaɗai. Amma ku lura, duk waɗannan al'ummomi sun gane cewa yunwar hanya ce, abin da ake nema shi ne mutum ya mallaki ransa. Hadisi ya tabbata a Bukhari wanda ma'anarsa ita ce, mai azumin da bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba Ya da buƙatar yunwarsa da ƙishirwarsa.

Mu 'yan kasuwa, a nan ne jarrabawarmu take. Mutum ya yi sahur, ya wuni leɓe a bushe, sannan ya tauye mudu, ya jera manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa, ya ɓoye buhunan wake sai farashi ya tashi, ya yi ta rantsuwa a kan kuɗin da ya sayo kaya. Mai sayen nan Bayarabe ne ko Ibo, bai taɓa buɗe littafin fiƙihu ba. Abin da ya sani game da azuminmu shi ne abin da ya gani a sikelinka.

Saboda haka mu riƙe abu uku. Mu cika mudu, mu faɗi aibin kaya. Mu hana yaranmu yi wa ibadar wani izgili, domin mu ma ba ma so a yi wa tamu. In an sha ruwa kuma, a aika wa maƙwabci da ƙosai da kunu, ko wane ne shi, haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba.

Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.