Yadda Ake Sa Matasa Cikin Aikin Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Unguwa

Duk shekara idan 10 ga Oktoba ta zagayo, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sai a kama ɗakin taro a otal, a buga riguna, a jera samari da 'yan mata a kujerun baya, manya su yi ta jawabi har la'asar. A raba lemo da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a watse. Wai an tafi da matasa ke nan. Ni ma na shirya irin wannan taro har sau uku kafin in lura cewa da an kwashe kujeru, ba abin da ke saura a unguwa. Ga yadda muke yi yanzu, bayan tuntuɓe mai yawa.

Fara da gaisuwa: mai unguwa, liman, shugaban Islamiyya, in akwai coci har da fasto. Aikin yini ɗaya ne, kada ka tsallake shi.

Sannan ka bi matasan inda suke. Majalisar bakin titi bayan isha'i, teburin mai shayi, gidan kallon ƙwallo, tashar 'yan adaidaita sahu. 'Yan mata kuwa sai Islamiyya, wurin koyon ɗinki, gidan kitso da lalle, kuma mace ce za ta je musu. Kada ka shiga da kalmar "taɓin hankali". Kana furta ta kowa zai tuno mai yawo da tsumma a kasuwa, ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Tambayi wa barci ya ƙaurace wa, wa tunani ya yi wa yawa, wa ya daina fitowa majalisa tun da jarinsa ya karye ko ya faɗi jarrabawar JAMB. A nan baki ke buɗewa.

Daga cikinsu za ka zaɓi masu sauraro. Mutum takwas zuwa goma sun isa, rabi mata. Guji mai zaƙin baki da ke fara ɗaga hannu a kowane taro. Tambayar da nake yi ɗaya ce: "Idan abu ya dame ka, wa kake fara gaya wa?" Sunan da ya fito sau uku, shi nake nema. Ka sa aƙalla mutum ɗaya da ya taɓa shan ƙwaya ya daina. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma a shekarar ne gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Mai shan tramol ba zai saurari wanda bai san yadda jiki ke karkarwa ranar da aka rasa ta ba. Iyaye za su yi gunaguni kan wannan zaɓi, ka daure.

Kafin ka sanar da kowa cewa ga masu sauraro, san inda za ka kai wanda abinsa ya fi ƙarfinku. Nan ne yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa: su tono ciwo, su rasa inda za su kai shi. Taka da ƙafarka zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ka san ma'aikacin da zai ɗaga wayarka. Ka je babban asibitin da ke kusa. A Kano akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na Barnawa, a Sakkwato na Kware, akwai kuma na Maiduguri. Tafi da biyu daga cikin matasan, su ga inda ake yankar kati, su san ranar da ake ganin likita da ƙarfe nawa layi ke cika. Ware ɗan kuɗin adaidaita da na kati a hannun ma'aji. Ba wasu kuɗi ba ne masu yawa, mu da karo-karo muka fara.

Horon masu sauraro bai wuce kwana uku ba, in ka samu ma'aikacin jinya na ɓangaren ƙwaƙwalwa ya ba ku lokacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin agajin farko ga mai damuwa wanda ya tsaya kan abu uku: duba, saurara, haɗa shi da mai taimako. Ba likitoci kake ƙerawa ba, kuma duk wanda ya fara rubuta wa mutane sunan magani, sallame shi ranar. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda kakanni mata ya horar, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, kuma abin ya yi aiki.

Sauraron ne ke da wuya. Yaranmu sun tashi da "yi haƙuri, ka yawaita addu'a" a bakinsu. Magana ce ta gaskiya, amma idan ta fito a minti na farko, ma'anarta ita ce "ya isa, yi shiru". Nakan haɗa su bibbiyu, ɗaya ya yi magana minti biyar, ɗayan ba shi da izinin cewa komai sai "ina jin ka". Da ƙyar suke kai minti biyu a ranar farko.

Idan uwa ta ce aljanu ne suka taɓa ɗanta, kada su tsaya musu da ita. "Mama, a ci gaba da ruƙiyya, mu kuma mu raka shi asibiti ranar Talata." Da haka ake samun hanya. Inda ba sassauci shi ne mari da sarƙa da bulala. Kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane a tsare, wasu a ɗaure. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin mai wannan lalura.

Sai batun sirri, wanda na koya da ɗaci. Mun taɓa buɗe zauren WhatsApp don masu sauraro su riƙa neman shawarar juna. Wata yarinya ta rubuta labarin ƙawarta, ba suna, sai dai ta ambaci layinsu da sana'ar mahaifinta. A unguwa, wannan ya fi suna. Wayar wani ta faɗa hannun yayarsa, kafin kwana biyu maganar ta isa gidan da ke neman auren yarinyar. Wata shida ba wadda ta sake zuwa wurinmu. Tun daga nan labarin mutum ba ya shiga WhatsApp, ko a rubuce ko a murya. Waya ɗaya gare mu, ƙaramar Nokia mai tocila, tana zagayawa tsakanin masu aiki. Littafi ɗaya, lamba ake rubutawa maimakon suna, yana kulle a akwati. Namiji ba ya zama da mace su kaɗai, kuma ɗan gidanku ko maƙwabcinka na jikin katanga, miƙa shi ga wani.

Togaciya ɗaya ce ga sirrin, kuma ana faɗa wa mutum ita tun kafin ya buɗe baki: idan ransa ko ran wani na cikin haɗari, dole a sanar da babba. Koya musu su yi tambayar kai tsaye, "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira ka ko da ƙarfe biyun dare ne, a tafi asibiti.

Ba matasan iko na gaske. Su zaɓi ranar zama da wurin zama, su riƙe asusun, su tsaya gaban mai unguwa su yi bayani da bakinsu, kai kana gefe. Namu sun soke laccar da na tsara suka mai da ita gasar ƙwallo, ana hira bayan an tashi. Raina ya sosu, amma mutanen da suka zo sun ninka nawa.

Su ma masu sauraron suna ɗaukar kaya. Duk mako biyu ku zauna, da shayi da burodi, tambayar farko ita ce yadda su kansu suke kwana. Kada kowa ya riƙe fiye da mutum uku a lokaci guda. Wanda ya fara ƙin ɗaga waya ko saurin fushi, ba shi hutun wata ɗaya, kada ka jira ya roƙa. Kuma ka sa a ranka rabinsu za su tafi cikin shekara, wannan makaranta, wannan aure, wannan ci-rani, don haka kowane ɗaya ya riƙa zuwa da ƙarami yana kallon yadda ake yi tun daga wata na uku.