Lissafin Ruwan Bashi

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba yawancinmu za mu fita mu kama aikin koyarwa, mu fara karɓar albashi. Ran da albashi ya fara shiga, ran nan masu ba da rance za su san da zamanka. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Saboda haka ba zan ce kada ku ci bashi ba. Abin da nake so in nuna muku shi ne yadda ake auna nauyinsa tun ba a ɗauka ba.

Da farko sai mu san sana'ar banki. Banki yakan karɓi ajiyar jama'a, ya ranta wa waɗansu, sa'an nan ya karɓi ƙari a kan abin da ya ranta. Abin da aka ranta shi ake kira uwar kuɗi, ƙarin kuwa ruwa. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, shi ke lura da bankuna, ya kuma wajabta musu su bayyana wa mai neman rance sharuɗɗa kafin ya sa hannu. Amma karantawa da lissafi aikin mai karɓa ne.

To, ga misali. A ce wani malami ya ranci N120,000 don ya biya kuɗin haya. Aka ce ruwa kashi 5 cikin ɗari ne a wata, zai biya cikin wata 12, watau N10,000 na uwa kowane wata. Hanya biyu ce ake lissafa ruwan nan.

Hanya ta fari, a ɗora ruwa a kan dukan uwar kuɗin tun daga farko har ƙarshe. Kashi 5 cikin ɗari na N120,000 shi ne N6,000. Sau 12 ya zama N72,000. Jimlar abin da zai biya N192,000 ke nan.

Hanya ta biyu, a ɗora ruwa a kan abin da ya saura kaɗai. Watan fari ruwa N6,000 ne. Da ya biya N10,000 saura N110,000, sai ruwan wata na biyu ya zama N5,500, na uku N5,000. Haka zai yi ta raguwa da N500 har ya kai N500 a watan ƙarshe. In kun tara duka za ku sami N39,000.

Kun ga fa, duka biyun "kashi biyar" aka ce masa, amma tsakaninsu akwai N33,000. A hanya ta fari malamin yana biyan ruwa har a kan kuɗin da ya riga ya mayar. Ku lura kuma da kalmar "a wata". Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara. Masu ba da rance ta wayar hannu sun fi son faɗin na wata ko na mako, domin ya fi daɗin ji.

Akwai hanyoyin da babu ruwa. Adashe, wanda Yarabawa ke kira esusu, abin da ka zuba shi za ka kwasa, sai dai yana bukatar mutane masu amana. Akwai kuma bankunan da ba sa ɗora ruwa, kamar Jaiz da ya buɗe a 2012. Su sukan sayi kayan da kake so, su sayar maka da riba sananniya, ka biya sannu a hankali. Ko a nan ma lalle ka san jimla.

Shawarata ita ce, kafin ka sa hannu ka yi tambaya uku. Ruwan na wata ne ko na shekara? A kan dukan uwa ne ko a kan saura? Nawa ne jimlar abin da zai fita daga aljihuna, har da kuɗin takarda da inshora da tarar jinkiri? In an ƙi ba ka amsa a rubuce, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ga aiki ku gwada: N60,000, wata 6, ruwa kashi 4 cikin ɗari a wata. Ku fitar da ruwan ta hanya biyun. Wanda ya iya, ya koya wa 'yan ajinsa ran da ya fita gwajin koyarwa.